Shekara huɗu tana kallon faranti: amsata ga wani uba a Waca

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani aminina ya biyo ni har ƙofar gida. Ko tabarma bai bari an shimfiɗa ba ya ce, “Mushe, kai ka fara koya mata karatu, yau sai ka zo ka warware mini ƙullin da ka ɗaura.” Maganar ƴarsa ce. Ta gama digiri na biyu a fannin gwaje-gwajen asibiti, ta kuma samu gurbin digirin digirgir a ƙasar waje, shekara huɗu cur. Ya ce ya tambaye ta ko za ta riƙa duba marasa lafiya, ta ce a'a. Ko za ta rubuta magani, ta ce a'a. To me za ta yi? Ta ce za ta riƙa renon ƙwayoyin cuta a cikin faranti, tana zuba musu wani sinadari, tana auna ko sun sha ko ba su sha ba. Ya dube ni ya ce, “Shekara huɗu, Mushe, tana kallon faranti. A gidan nan ma faranti bai dame ta ba.”

Na yi dariya, amma ban ba shi amsa a ranar ba. Na nemi ya ba ni lokaci, na kira yarinyar muka daɗe muna magana, na kuma karanta abin da na iya samu. Wannan rubutu shi ne amsata. Da izininsa na fito da ita fili, domin na san iyaye da yawa a Waca da Magarya da Dungas suna da irin tambayarsa, ko da ba a kan wannan fanni ba: me ya sa za mu saki ɗa ya tafi neman ilimin da ba mu ga ranar da zai iso garinmu ba?

Zan fara da abin da ya faru a gidana, don ni ma ina da laifi a cikin labarin.

Ɗana na uku yana da amosanin jini, wanda ake kira sikila. Yana ɗan shekara tara, cikin damina, ya tashi da ciwon ƙwauri da zazzaɓi. Mun saba da irin wannan ciwo, sai muka ɗauka tashin da ya saba yi ne. Aka gwada jininsa ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina yi wa yara wa'azin tsafta, na bi ta kasuwa na sayi kafso a hannun mai tebur, na ba shi kwana uku. Zazzaɓi ya sauka, na daina. Bayan mako biyu ƙafa ta kumbura, yaro ba ya iya taka ta. Da muka je babban asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, sai likitan ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya. Ya ce a jikin mai sikila abu biyu ne suke kama da juna kamar an tsaga kara: ƙashin da jini ya kasa kai wa, da ƙashin da bakteriya ta shiga. Duka biyun ciwo ne, kumburi ne, zafin jiki ne. Na farko yana son ruwa da maganin raɗaɗi da haƙuri, na biyu yana son makonni ana antibiyotik, wani lokaci har da aiki. Hoton ƙashi kuwa yakan yi kwana goma ko mako biyu kafin ya fara nuna ɓarna. Ya ƙara da cewa ko an ɗebi jini a shuka shi don a ga abin da zai tsiro, kafson da na riga na ba shi na iya hana komai fitowa. Aka yi masa magani bisa zato mafi ƙarfi. Allah ya sa aka dace, ya warke, sai dai har yau idan ya yi doguwar tafiya za ka ga yana ɗan ɗingishi.

Likitan bai gaza ba, ya yi iyakar abin da kayan aikinsa suka ba shi dama. Abin da ya rasa a ranar shi ne ido da zai leƙa cikin ƙashi ya ce: ga bakteriya nan da rai, ko kuwa babu ita. Wannan idon ne ƴar aminina take so ta shiga sahun masu ƙera shi.

Duk wanda aka taɓa sace wa dabba a karkara ya san aikin mai bin sawu. To likitoci ma suna da nasu. Ana ɗaukar wani sinadari da jiki ko ƙwayar cuta ke so, a liƙa masa ɗan ƙanƙanin abu mai fitar da hasken nukiliya, a yi allurarsa a jijiya. Duk inda ya je ya taru, na'urar ɗaukar hoto, irin wadda ake kira PET, za ta hango haskensa daga waje. Wanda ya kafa tushen wannan dabara shi ne George de Hevesy, mutumin ƙasar Hangari, ya kuma samu kyautar Nobel ta shekarar 1943 a kanta. Ana ba da labarin cewa lokacin da yake haya a Manchester ya zargi mai gidan da dawo musu da ragowar nama a cikin sabuwar miya, sai ya barbaɗa ɗan sinadari mai haske a kan naman da ya rage, bayan kwanaki na'urarsa ta tona asirin tukunya.

Sinadarin bin sawu da aka fi amfani da shi a na'urar PET a yau wani irin sukari ne da ake kira FDG. Matsalarsa ita ce kowa na son sukari. Ƙwaƙwalwa na sha, ciwon daji na sha, fararen ƙwayoyin jini da suka taru a wurin kumburi su ma suna sha. Hoton zai nuna maka akwai hayaniya a wuri kaza, amma ba zai gaya maka ɓarawo ne ya shigo ko ƴan gida ne ke faɗa ba. Ga ɗana, irin wannan hoto da wuya ya raba gardama.

Shi ya sa masu bincike suka koma neman abincin da bakteriya kaɗai ke ci. A Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, ayarin Sanjay Jain ya yi aiki da wani dangin sukari mai suna sobitol, wanda bakteriya irin su E. coli da Klebsiella ke haɗiya, ƙwayoyin jikin mutum kuwa ba su cika kula shi ba. Sun wallafa gwajinsa a kan ɓeraye a 2014, sannan a 2021 suka wallafa gwajinsa a kan marasa lafiya 26. Wasu sun bi ta wani sinadari da ake kira PABA, wanda bakteriya ke haɗa bitamin ɗin folet da shi, alhali mu daga abinci muke samun namu. A Groningen ta ƙasar Holan an liƙa wa maganin bankomisin wani rini mai haske, domin maganin yana manne wa bangon bakteriya irin su Staphylococcus, aka wallafa sakamakon a 2013. A Pretoria ta Afirka ta Kudu, Mike Sathekge da abokan aikinsa sun gwada wani guntun furotin mai suna ubikwisidin a jikin marasa lafiya. Kowanne da ƙarfinsa da rauninsa: mai kama wannan dangi ba lalle ya kama wancan ba.

To ina faranti ya shigo? Kafin a kusanci jijiyar mutum da sabon sinadari, dole a tsare shi da tambayoyi a ɗakin gwaji. Ana zuba shi a kan bakteriya mai rai, a wanke, a auna nawa ya maƙale. Ana zuba shi a kan bakteriyar da aka kashe da zafi, don a ga ko ya san bambancin mai rai da gawa. Ana zuba shi a kan ƙwayoyin jikin mutum, don a ga ko zai yi musu ƙazafi. Ana gwada shi a kan iri-iri, har da waɗanda aka ɗebo daga marasa lafiya, masu taurin kai da magani ba ya ci. Ana gwada shi a kan bakteriyar da ta yi dandazo ta lulluɓe kanta da yauƙi a jikin ƙarfen da ake ɗora karaya da shi, domin a nan ne ta fi wuyar kamu. Sai ya ci waɗannan jarrabawa ake zuwa ga ɓera: a sa masa bakteriya mai rai a cinya ɗaya, matacciya a ɗayar, a ga wacce za ta yi haske. Ana maimaita kowane mataki sau da yawa, kuma mafi yawan sinadaran da aka fara da su a hanya suke faɗuwa. Ga inda shekara huɗu ke tafiya.

Wani zai ce wannan ai ɓata lokaci ne. Akwai darasi a kan haka. A shekarun 1990 an fito da wani sinadari a Landan mai suna Infecton, wato maganin sifurofuloksasin da aka liƙa wa haske. Rahotannin farko sun yabe shi ƙwarai, aka ɗauka an samu abin da ake nema. Da wasu suka sake gwadawa, sai aka ga yana taruwa har a kumburin da babu bakteriya ko ɗaya a ciki. Mai bin sawun da ke nuna gidan da ba na ɓarawo ba ya fi rashinsa haɗari, domin a kan shaidarsa za a iya yanka ƙafar da ba ta bukatar wuƙa. Mai zaman kallon faranti shi ne mai tace shaidu kafin su shiga kotu.

Yanzu bari in zo kan hujjojin aminina, domin ba mutumin banza ba ne, kuma maganarsa tana da nauyi.

Hujjarsa ta farko: wannan na'ura ba za ta zo Waca ba. Gaskiya ne, kuma ba zan yaudare shi ba. Hasken da ake liƙa wa sobitol, wato fulorin 18, rabin ƙarfinsa na tafiya duk bayan minti 110. Malaman lissafi, ga aikin aji: daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, a ce motar ta yi awa 12 a hanya. In ka raba ƙarfin biyu sau shida da rabi, abin da zai iso kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Dole injin da ke haɗa shi ya kasance kusa da majiyyaci, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikata ƙwararru. Mu da wani lokaci sai an haska fitilar waya a karɓi haihuwa, wannan ba maganar bana ba ce, ba ta baɗi ba ce.

Sai dai abin bai kai nisan da muke zato ba. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai cibiyar IRI, inda ake ɗaukar hoton marasa lafiya da sinadarai masu haske. A 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji na farko a ƙasar nan, a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Akwai kuma sinadaran da ba sa bukatar babban inji a kusa. Galiyom 68, wanda aka yi amfani da shi a Pretoria, ana tatsarsa ne daga wata ƴar tukunya da ke yin watanni tana aiki. Teknesiyom, wanda da shi ake ɗaukar mafi yawan irin waɗannan hotuna a duniya, shi ma daga tukunya ake tatsarsa, kuma uwarsa daga yuraniyom ake samo ta, a wurare irin su Petten ta Holan da Pelindaba ta Afirka ta Kudu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Fiye da shekara hamsin muna loda wa duniya irin ƙarfen da take haska cikin jikin majiyyatanta da shi. In har muna cewa arzikin ƙasa ya amfani ƴan ƙasa, to wa zai riƙe wannan ilimi in mun hana ƴaƴanmu koyonsa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjarsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi: ga abin da ya fi gaggawa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu da damina ta 2018, lokacin da ƙungiyar likitocin MSF ta sanar cewa a asibitin yara na Magarya ana rasa kimanin yara goma a kowace rana, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikinsu a gundumar Dungas suke. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ce a fara gyara rijiya kafin a sayi madubi, ba za ka ce ya yi wauta ba. Ni ma in aka ɗora mini kuɗi a hannu aka ce in zaɓa tsakanin na'urar PET guda da ɗakunan shuka jini a Magarya da Dungas da Matamaye da Mirya, ko numfashi ba zan ja ba zan zaɓi na biyu. Wani bincike da aka fitar a 2022 kan ƙasashen Afirka 14, ciki har da Najeriya da Burkina Faso, ya gano cewa cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000, kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke aikin gano bakteriya.

Amma a duba da kyau, wa zai tsaya a cikin waɗannan ɗakuna in an gina su? Gini da na'ura kuɗi ke sayensu, hannun da ya iya aiki kuwa sai an rene shi. Yarinyar da ta yi shekara huɗu tana renon bakteriya ba tare da ta gurɓata faranti ba, tana bambance iri da iri, tana auna wanda magani ke ci da wanda ba ya ci, tana tuhumar sakamakonta kafin wani ya tuhume shi, ita ce za ta iya kafa irin wannan ɗaki ta kuma horar da wasu ashirin. A sanƙarau ɗin Dungas ma, ɗakin gwaji ne ya nuna cewa nau'in C ne ke yawo, ba nau'in A da aka yi wa gagarumin rigakafi tun 2010 ba. Da wannan sani aka san allurar da za a nema.

Akwai kuma dalilin da ya sa lalube cikin duhu yake ƙara tsada kowace shekara. Duk lokacin da aka sha antibiyotik ba bisa ƙa'ida ba, raunanan bakteriya ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan haka tun 1945. Babban binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriyar da ta gagari magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da abin ya fi muni a duniya, in aka kwatanta da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma. Wato mu. Kafson da ke kan tebur a kasuwanninmu, wanda rana ta gasa, ake sayar da shi ƙwaya biyu ƙwaya uku daidai kuɗin mutum, yana cikin masu ciyar da wannan annoba. Ni ma na saka nawa hannu, na riga na faɗa.

Kada kuma a ɗauka bincike abu ne da sai Turai. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta gwada amoksisilin a kan yara kusan 2,400 masu tamowa mai tsanani da ba ta haɗu da wani ciwo ba. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna maganin bai ƙara yawan masu murmurewa ba, ko da yake ya rage yawan waɗanda aka kai kwanciya asibiti. Shekara uku kafin nan, irin wannan gwaji a Malawi ya nuna maganin yana rage mutuwa. A jihar Doso kuma, gwajin raba azitiromisin ga ƙananan yara ya rage mace-mace da kimanin kashi 18 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2018, amma an ga taurin kan bakteriya ga irin maganin ya ƙaru. Ban kawo waɗannan don wani ya ƙi maganin da ma'aikacin lafiya ya ba ɗansa ba. Na kawo su ne don a ga cewa amsar Malawi ba lalle ta zama amsar Madarunfa ba. Haka sinadarin da aka gwada a kan bakteriyar asibitocin Holan, sai an gwada shi a kan tamu. A jikin masu sikila, Salmonella na cikin manyan masu shiga ƙashi, abin da ba a cika gani ba a ƙasashen da sikila ta yi ƙaranci. Mai binciken da bai taɓa kwana a kan tabarma kusa da yaro mai kukan ƙashi ba, da wuya wannan tambaya ta hana shi barci. Ƴar Waca kuwa da ita ta tashi.

Hujja ta uku bai faɗe ta da baki ba, amma na gan ta a fuskarsa: in ta tafi, za ta dawo? Aure fa? Ba ni da tabbacin da zan ba shi. Mun ga waɗanda suka tafi suka dawo, mun ga waɗanda sai a waya. Abin da na sani daga shekarun da na yi a aji shi ne, yaron da aka saka da albarka ya fi waiwayen gida a kan wanda ya fita da ƙyar bayan rigima. Maganar aure da inda za ta zauna da wanda zai kula da ita, wannan hurumin iyayenta ne da ita kanta, kuma abu ne da ake zama a tsara. Mata nawa ne suka haɗa karatu da aure a Jami'ar André Salifou ta Damagaram da sauran jami'o'i? Abin da nake roƙo shi ne kada a yanke hukunci saboda kalmar faranti ta yi ƙanƙanta a kunne.

Mu malamai kuma, kada mu tsaya nuna iyaye da yatsa. Yara nawa ne suka gama makarantunmu sun haddace ma'anar bakteriya da Faransanci, ba su taɓa ganin aikinta da idonsu ba? Muna fakewa da rashin kayan aiki, alhali gwajin da ƴar aminina za ta yi, ƙaninsa yana cikin ƙwaryar kowace mai tallan nono. A tafasa madara, a bari ta huce ta yi ɗumi, a raba ta kofi uku masu tsabta. A na farko a sa cokali guda na kindirmo. A na biyu a sa cokali guda na kindirmon da aka tafasa. Na uku a bar shi haka. A rufe, a ajiye wuri ɗaya mai ɗumi, kowane yaro ya rubuta hasashensa kafin gari ya waye. Da safe za a ga wanda ya riga kamawa. Sai a tambaye su: me ya sa muka tafasa na biyu? Me ya sa muka bar na uku babu komai? In kofi na uku ma ya yi tsami daga baya, daga ina abin ya shigo? Yaron da ya amsa waɗannan ya fahimci mai rai da matacce, ya fahimci abin kwatance, ya fahimci gurɓata. Kuɗin wannan darasi bai kai na katin waya ba. Mu kuma daina dukan yaro don ya ce bai sani ba. Wanda ya saba cewa “ban sani ba, mu gwada” shi ne gobe ba zai rubuta wa mutum magani bisa kame-kame ba.

Iyaye, namu aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi wuya. In yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada kafin a sa masa komai a baki in ban da abin sauke zafi, tunda tun 2006 doka ta yafe kuɗin jinyar ƴan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnati. In gwajin cizon sauro bai nuna komai ba, wannan ba izini ba ne na zuwa wurin mai tebur. Mura da yawancin gudawar yara ƙwayar birus ce ke kawo su, antibiyotik ba ya taɓa ta. In an rubuta magani, a sha yadda aka ce, kwanakin da aka ce, kada a ajiye ragowa don ƙanensa. In kuwa an riga an ba yaro wani abu a gida, a faɗa wa likita gaskiya, a tafi da kwalin. Ni kunya ta sa na yi jinkirin faɗa, kuma ƙafar ɗana ce ta biya. Mai sikila da ciwon ƙashi da zazzaɓi, musamman in wuri ɗaya ne ya kumbura, ba a kwana da shi a gida ana jira.

Da na karanta wa aminina wannan rubutu, ya yi shiru har shayi ya huce. Sannan ya ce, “To Mushe, in ta tafi, sai ka gaya mata ta sa ciwon ɗanka a cikin abin da za ta bincika.” Na ce masa wannan saƙo daga bakinsa ya fi daɗi, domin shi ne uba. Ya ce zai yi istihara, zai kuma zauna da mahaifiyarta da ƴan'uwansa. Takardun suna nan a cikin jakarsa, wa'adin mayar da amsa kuma bai wuce ƙarshen wata ba. Allah ya zaɓa mata abin da ya fi alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.